Kafin Ki Miƙa wa Uba Biro

Abaji,
Asabar, bayan La'asar.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Bwari lafiya. Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ga ta can a tsakar gida tana ƙulla miki kuka da daddawa kamar za ki ƙetare teku. Zan tura takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa miki ido da ido ba.

Saratu, murna nake yi! Na manta rabona da irinta. Takardar ɗaukarki aiki sau huɗu na karanta ta. Na kai ta ƙofar shagon Ɗanlami tela inda muke zama, na karanta musu da Turanci, na juya musu da Hausa. Ɗanlami ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce, "Malam, ashe kana da haƙora? Shekara nawa muna zaune ban taɓa ganinsu ba." Na ce masa ya ci gaba da ɗinkinsa. Jami'ar karɓar yara a gidan kula da matasa, sabon gini, da ɗakin shan magani, da nas, da janareto! 'Yata!

Kin san halin ubanki. Tun da farar hula suka dawo kuɗi ya sake zubowa cikin Abuja, ban yaba wa komai ba. Benaye suna ta tashi, mutanen da nake gyara wa Turanci a aji suna wucewa cikin motoci masu baƙin gilashi, ni kuwa na ƙare a nan da akwatin littattafai da gara ta ci rabinsu. Na riga na yanke cewa duk sabon abu a ƙasar nan tsohon abu ne da aka yi wa fenti. Amma ranar da kika dawo daga ganawa kika ce ogarku ta ce ba za a kwantar da yaro ko ɗaya ba sai an zaunar da iyayensa an yi musu bayani da yaren da suke ji, an kuma ba su kwafin takardar su tafi da shi, wallahi kasa ƙarasa tuwona na yi. Na ce ashe zan ga wannan da raina.

Sai dai murnar tana tafe da tsoro, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Teburin da za ki zauna a kai, na zauna a kan irinsa shekara goma sha ɗaya. Uba zai shigo da ɗansa, ya sa hannu a takarda, ya fita ya bar miki shi, da cinsa da kwanansa da duk maganin da za a ɗura masa. Ko ya san abin da ya yarda da shi, ko bai sani ba, a hannunki yake. Dokar oga ba za ta zauna a kujerar ba, ke za ki zauna. Ni na ɓata nawa zaman. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Lokacin ana haƙa harsashin Abuja, kuɗin mai yana yawo, aka buɗe wani gidan horar da matasa, aka ɗauke ni jami'in walwala saboda Turancina. Ba zan kira sunan gidan ba, yanzu ko katangarsa babu. Takardar amincewarmu shafi huɗu ce, da Turanci irin na lauyoyi. A ciki akwai cewa yaro ba zai fita ba sai ya cika wata shida, za a aske masa kai, zai yi aikin gona, za a buɗe wasiƙunsa, likita zai ba shi duk maganin da ya ga ya dace. Ni kuwa shafi huɗun nan a magana ɗaya nake dunƙule su: "Sun ce za su kula da shi, su koya masa sana'a. Kawo yatsanka." In kama babban yatsan mutum, in danna a tawada, in danna a takarda. Ina alfahari da cewa babu mai saurina a ofishin.

Akwai wani Malam Idi, Bakatsine mai sayar da goro, da ɗansa yake wurinmu. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah ya zo da sabon ɗinki a leda.

Ya ce, "Malam, na zo tafiya da yaro a yi Sallah da shi. Ran Talata in dawo maku da shi da kaina."

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Ka yarda ba ya fita sai bayan wata shida."

"Ni? Yaushe?"

Na jawo fayil, na buɗe, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon zanen yatsansa. Sannan ya ce, "Yatsana ne, ban musa ba. Amma Malam, kai ka riƙe shi ka dangwala. Bakina bai faɗi haka ba, kunnena bai ji ba."

Na ce masa doka ce. Ya ajiye ledar a wurin maigadi ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ran nan daɗi na ji. Gani nake na kare ofis, takarda ta yi aikinta.

Don haka Saratu, ki karanta wa mutum kowane layi, kuma ki fara da masu ɗaci. Kada ki fara da ɗakin kwana mai fanka da abinci sau uku, wannan kowa zai so. Ki fara da cewa, ga ranar da ba za ka gan shi ba, ga abin da za a yi masa in ya yi faɗa, ga maganin da ake ba su da abin da yake sa wa jiki. Kuma kada "to" ta ruɗe ki. Mutumin ƙauye in ya zauna gaban tebur da fayil, "to" ɗinsa ladabi ce kawai, yana nufin ya ji ki, yana girmama ki, ki sallame shi. In kin gama, ki ce, "Baba, in ka koma gida Inna ta tambaye ka me aka ce, yaya za ka gaya mata?" Ki yi shiru ki saurara. Abin da ya maimaita da bakinsa shi ne abin da ya yarda da shi. Sauran duk tawada ce.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, kuma ko ogarki ba lallai ta hango shi ba, tunda kin ce ba Bahaushiya ba ce.

Wata rana da damina maza biyu suka shigo da yaro ɗan shekara goma sha huɗu, Zagezagi ne da suka zo noma. Ɗaya ya ja kujera ya zauna, mai baki, da agogo a hannu. Ɗayan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Ban ko tambaya ba, na ɗauka mai maganar shi ne uban. Na ce, "Yana da wani ciwo?" Ya ce, "Lafiyarsa lau, rashin ji ne kawai." Ya karɓi biro ya sa hannu da boko, har da ƙawata shi. Na tsayen bai ce uffan ba.

Ashe na tsayen shi ne uban. Yaron ɗansa ne na fari, kuma kin san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama yana bayanin lamarinsa a gaban mutane, kunya yake ji. Mai maganar ƙanensa ne, direban babbar mota, wanda ba ya ganin yaron sai shekara-shekara. Uwar kuwa tana waje gindin mangwaro da ƙullinta, don babu wanda ya ce ta shigo.

Yaron amosanin jini gare shi, abin da yanzu kuke kira sikila. Mu kuma kullum da asuba gudu ake yi, a yi wanka da ruwan sanyi. A mako na biyu ya faɗi yana ihu ƙasusuwansa. Masu kula da ɗaki suka ce lalaci ne. Sai da idanunsa suka yi ɗorawa muka kwashe shi zuwa asibiti, aka ƙara masa jini, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Likita yana ta faɗa, wane ne ya ɓoye wannan? Uban yana tsugune a baranda. Na je kansa na ce, "Kana tsaye aka yi tambayar nan, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ba ni aka tambaya ba."

"Ai kana ji!"

Ya ɗago a hankali ya ce, "Malam, kai Bahaushe ne. A gaban ƙanena zan buɗe baki ina zancen ɗan fari?"

Uwar ce ta matso, ba ta dube ni ba, ta jero wa nas komai: ba ya son sanyi, ba ya son gudu, kada a bar shi da ƙishirwa, ga yadda yake yi in abin zai tashi. Duk wannan yana gindin mangwaro, taku ashirin daga teburina, ranar da na rufe fayil ɗin.

Ki riƙe wannan da kyau. Wanda ya fi kowa magana a ɗakin sau da yawa shi ya fi kowa rashin sanin yaron. Kafin komai ki tambayi kowa, "Kai mene ne naka da shi?" Sannan ki tambaya a ɗakin wa yake kwana, wa ke ba shi magani in ya kwanta. Wani yaron a hannun goggonsa ya tashi, wani a hannun kaka, uban da ya haife shi bai san ko yana cin gyaɗa ba. In kin ga mutum ya tsaya a ƙofa yana sunkuyar da kai, ki nemi dabarar da za ki fitar da baffan, ki ce a kai shi ya ga ɗakin kwanan. Ki zauna da uban shi kaɗai. Kada ki matsa masa ya kira suna, ki ce "yaron nan", zai sake. Sannan ki tashi daga kujerarki ki fita waje. Ke mace ce, za ki iya zama a tabarma ɗaya da uwar ki ji abin da ba za a taɓa gaya wa namiji mai fayil ba. Kai, wannan kaɗai ya isa in yi murna da ke aka ɗauka!

Za a matsa miki, kada ki yi zaton ba za a yi ba. A zamanina in baƙi za su zo daga hedkwata, oga yakan leƙo ya ce, "Malam, gadaje shida babu kowa, yi sauri mana." In yi sauri. Yanzu da kuɗi ya yi yawa, masu ba da taimako suna son su zo su ga gida cike su ɗauki hoto. Ranar da aka ce ki yi sauri, ranar za ki ƙara ja. Wanda ya ce yana so ya je gida da takardar ya nuna wa liman ko malamin makarantar garinsu, ki ba shi, ki ce ya dawo jibi. Ki gaya wa kowa a fili cewa yana iya cewa a'a, kuma in ya yarda yau yana iya dawowa ya janye, ki nuna masa ƙofar da zai bi. Mutanenmu ba su san ana ce wa hukuma a'a ba sai an gaya musu. Kuma ku yanzu kuna da wayar salula, abin da mu ko a mafarki ba mu gani ba. Sa hannun ranar farko ba ya rufe abin da zai faru bayan wata uku. In likita zai canza magani, in za a cire haƙori, ki buga. In babu waya a gidan, akwai mai shago a garin da ke da ita, ki karɓi lambarsa tun ranar farko.

Shi ma yaron ki dube shi. Shekara goma sha ɗaya ina zancen yara a kan kawunansu, kamar buhunan masara ake sauke mini. Ki gaya masa inda zai kwana, da ranar da zai ga uwarsa, da wanda zai kai wa ƙara in an cuce shi. Ba shi zai sa hannu ba, amma jikinsa ne.

Yanzu saura wanda na fi jin nauyinsa. Na tashi na zagaya sau biyu kafin in dawo kan takardar nan.

Kina 'yar shekara biyar lokacin, ba za ki tuna da yawa ba. Yayanki, ɗana na fari, yana da goma sha shida, ya faɗa cikin abokan banza, yana shan maganin tari, ya daina zuwa makaranta. An gaya muku cewa wani gida mai zaman kansa a bayan gari ya yaudare ni, suka yi masa abin da ban sani ba. Ni na faɗi haka, kuma ƙarya ce. Babu wanda ya yaudare ni. Takardarsu shafi biyu ce, na karanta ta tsaf, na ma ga kuskuren Turanci a ciki na yi tsaki. An rubuta za a iya ɗaure shi, za a iya yi masa allura ba tare da an sake tambayata ba, ba ziyara sai bayan wata uku. Na fahimci kowace kalma. Fushi nake yi da shi, ya kunyata ni a unguwa, ni mai gyara 'ya'yan wasu. Da suka ce, "Yana da wata matsala ta lafiya?" na ce babu, don in gama in fita. Ban gaya wa Innarki inda za mu ba. Na ce mata Kaduna zan kai shi wurin abokina.

Allurar da suka yi masa ta murɗe masa wuya, harshensa ya fito. Suka ce taurin kai ne, wasu suka ce iska ce. Suka ɗaure shi a gado kwana biyu. Igiyar ce ta kashe masa yatsu biyun nan na hannun hagu da kika sani.

Nasiru. Ga shi na rubuta sunansa, abin da bakina bai taɓa yi a gaban mutane ba. Ni da na tsaya a kan wancan manomi a barandar asibiti ina yi masa tsawa, shi kunya ce ta rufe masa baki, ni kuwa girman kai ne.

Shekaranjiya, bayan kin tafi karɓo ɗinkinki, na zauna na gaya wa Innarki komai. Tana tsince shinkafa, ba ta daina ba har na gama. Na zaci za ta yi kuka ko ta tashi ta bar mini wurin. Sai ta ce, "Malam, da ka tambaye ni, cewa zan yi a kai shi. Ni ma na gaji a lokacin."



Ta ce, "Amma da na bi ku. Da na gaya musu akwai allurar da ta taɓa murɗe masa wuya yana ɗan shekara huɗu, lokacin kana kwas a Ibadan. Likita ya rubuta sunanta a kati ya ce kada a sake yi masa irinta. Katin yana cikin kwallata har yau."

Ta tashi ta ɗauko shi, Saratu. Ya yi ja don tsufa, amma rubutun yana nan. Na karanta shi da wannan Turancin nawa da nake taƙama da shi. Tambaya ɗaya ce tsakanina da katin nan, a cikin gidana, kuma amsar da zan samu "i" ce.

To kin ji ko wane ne yake ba ki shawara. Ki ɗauki shawarar duk da haka, don da tsada na same ta, kuma ba ni na ɗanɗana tsadar ba.

Ina da roƙo guda. Ranar da kika samu hutu kika shiga gari, ki biya tashar Jabi wurin yayanki, inda yake rubuta sunayen fasinja. Shekara tara ke nan in ya zo Sallah a ɗakin Innarku yake tsayawa, mu gaisa daga nesa. Ina so in je in gaya masa abin da na gaya miki, da bakina. Amma ba zan faɗo masa a wurin aikinsa kamar yadda na saba yanke masa komai ba. Kada ki ba shi takardar nan. Ki gaya masa dalla-dalla abin da nake so in zo in faɗa, kada ki rage ɗacinsa don ya yarda. Ki gaya masa yana iya ƙi. Sannan ki tambaye shi ko in zo. In ya ce "to" yana kallon ƙasa, kin san ba amsa ba ce, ki ba shi lokaci. In ya ce a'a, ki rubuto mini a'ar yadda ya faɗe ta, kada ki gyara mini ita. Zan zauna inda nake har ranar da ya ce in zo.

Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ya sa ki fi ubanki a kujerar nan, kuma na san za ki fi shi. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya kare 'ya'yan mutane a hannunki, Ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kika nufo gida. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci a kan lokaci. Innarki ta ce in gaya miki man shanun yana cikin kwalbar da aka naɗe da tsumma, kada ki ɗora masa kaya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Haruna